Aiki daga gida ko zuwa ofis: wa ke cin riba, wa ke ɗaukar asara?

Ranar 2 ga Janairun 2025 umarnin kamfanin Amazon ya fara aiki, cewa ma'aikatan ofisoshinsa su koma zuwa aiki kwana biyar a mako kamar yadda ake yi kafin annobar korona. Ranar 20 ga watan, wato ranar da aka rantsar da shi karo na biyu, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a takardar da ta umarci ma'aikatan gwamnatin tarayyar Amurka su koma ofis. Bankin JPMorgan ya bi sahu a watan Maris. Wanda ya tsaya a kan waɗannan labarai kaɗai zai ɗauka an yi jana'izar aiki daga gida an tashi. To amma a Afrilun 2024 Birtaniya ta ba kowane ma'aikaci damar neman sassaucin lokaci ko wurin aiki tun ranar da ya kama aiki, kuma a watan Yunin wannan shekarar mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon wani gwaji da ya nuna cewa yin kwana biyu a gida bai rage ingancin aiki ba, sai ma ya rage yawan masu ajiye aiki.

Kowane ɓangare yana da takardar binciken da yake kafa hujja da ita, kuma galibin takardun nan ba ƙarya suka faɗa ba. Abin da ke rikita mai karatu shi ne ana kiran abubuwa daban-daban da suna ɗaya, sannan ribar da asarar ba a kan mutum ɗaya suke sauka ba, ba kuma a lokaci ɗaya suke bayyana ba.

## Suna ɗaya, abubuwa uku

Idan aka ce "aiki daga gida", aƙalla abu uku ake nufi. Na farko shi ne wanda ba ya zuwa ofis ko kaɗan. Wataƙila ma kamfanin ba shi da ofishin da za a je, kamar GitLab da Automattic, waɗanda ma'aikatansu ke warwatse a ƙasashe da dama. Na biyu shi ne tsarin gauraye, inda mutum ke yin wasu kwanaki a gida, wasu a ofis, yawanci biyu da uku. Na uku shi ne zaman dole irin na 2020, lokacin da aka rufe makarantu, yara na gida, ba wanda ya shirya, aka mai da teburin cin abinci teburin aiki. Binciken da aka yi a kan na uku ba ya zama hukunci a kan na biyu, amma sau da yawa haka ake amfani da shi a muhawara.

Akwai kuma wani rukuni da ya girmi duk wannan magana: masu sana'a a cikin gida, irin su maɗinka da masaƙa da masu haɗa kaya da ake biya gwargwadon abin da suka yi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 260 ne ke aiki a gidajensu a faɗin duniya, kuma mafi yawansu irin waɗannan ne. Muhawarar da ake yi yanzu ba tasu ba ce. Ta ma'aikacin albashi ce wanda kayan aikinsa kwamfuta ne da waya da intanet.

## Yadda aka iso nan

Raba wurin kwana da wurin aiki ba tsohon abu ba ne a tarihin ɗan Adam. Masana'antu ne suka fara tara mutane ƙarƙashin rufi ɗaya saboda inji ba ya ɗaukuwa zuwa gida. Ofis ya gaji wannan tsari da irin wannan dalili: fayil yana cikin kabad, na'urar buga takarda da layin tarho suna wuri ɗaya, dole mutum ya je inda suke. Da kwamfuta da intanet suka kwashe fayil daga kabad, sai babban dalilin ya raunana.

Tun 1973, shekarar da rikicin man fetur ya girgiza ƙasashen Yamma, wani injiniya Ba'amurke mai suna Jack Nilles ya fara nazarin yadda za a kai wa ma'aikaci aiki ta hanyar sadarwa maimakon a kai ma'aikaci wurin aiki a mota. Kamfanin IBM ya yi nisa a wannan hanya, har a 2009 ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na ma'aikatansa ba su da mazauni a ofis. A 2017 kuma ya kira dubban su su dawo. Yahoo ya riga shi, domin a 2013 shugabarsa Marissa Mayer ta soke aiki daga gida. Ke nan kai-komon da ake gani yau ya faru a baya, a wasu kamfanonin ma fiye da sau ɗaya.

Annobar korona ce ta mai da abin gwajin duniya baki ɗaya. Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, ofisoshi suka rufe cikin 'yan makonni. Manhajar taron bidiyo ta Zoom ta tashi daga masu halartar taro kusan miliyan 10 a rana a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. A Amurka, inda aka fi bin diddigin alƙaluman, kwanakin aikin da ake yi a gida ba su kai kashi 10 cikin 100 ba kafin annobar. Suka haura zuwa kusan kashi 60 a tsakiyarta, daga baya suka sauko suka tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko sama kaɗan. Tsayawar nan ita ce abin lura. An rage, amma ba a koma gidan jiya ba.

## Shin aiki yana ƙaruwa ko raguwa?

Wahalar amsa wannan tambaya ita ce, waɗanda suka zaɓi gida da waɗanda suka zaɓi ofis ba iri ɗaya ba ne tun farko, saboda haka kwatanta su kai tsaye yana iya yaudara. Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka raba mutane ta hanyar ƙuri'a.

Irin wannan aka yi a kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip da ke Shanghai a ƙasar Sin, daga ƙarshen 2010 zuwa 2011, tare da masanin tattalin arziki Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford. An ɗauki ma'aikata 249 masu amsa kiran kwastomomi, waɗanda suka nuna sha'awa, aka raba su biyu bisa ranar haihuwa. Rabi suka riƙa yin kwana huɗu a gida da ɗaya a ofis har wata tara. Aikin 'yan gida ya ƙaru da kashi 13 cikin 100. Kusan kashi 9 daga ciki ya fito ne daga ƙarin mintunan aiki, saboda ba makara, hutun rashin lafiya ya ragu. Sauran 4 kuma daga shiru, domin ba hayaniyar ofis. Masu ajiye aiki suka ragu da rabi.

Galibi a nan masu goyon bayan gida ke dasa aya, alhali labarin bai ƙare ba. A cikin gwajin nan dai, idan aka ɗauki mutum biyu masu ƙwazo iri ɗaya, na gida ya fi na ofis wahalar samun ƙarin girma. Da aka gama gwajin aka ce kowa ya zaɓa, kusan rabin waɗanda suka yi zaman gida suka nemi komawa ofis, kuma kaɗaici ne babban abin da suka ambata. Bayan kowa ya koma inda ya fi masa, ribar ta haura kashi 20. Wato zaɓin kansa yana cikin abin da ya kawo ribar.

Akwai binciken da ya fito da akasin haka. Wasu masana sun bi ma'aikata sama da 10,000 a wani babban kamfanin fasahar sadarwa na nahiyar Asiya a lokacin annoba, suka ga sa'o'in aiki sun ƙaru amma abin da ake samarwa bai ƙaru ba, har abin da mutum ke yi a cikin sa'a ɗaya ya faɗi da kashi 8 zuwa 19 cikin 100. Lokacin ya tafi ne a tarurrukan bidiyo da ƙoƙarin daidaita aiki tsakanin mutane. A birnin Chennai na Indiya kuma an raba sababbin masu shigar da bayanai a kwamfuta ta ƙuri'a, sai 'yan gida suka gaza 'yan ofis da kashi 18 cikin 100, wani ɓangare na giɓin kuwa saboda sun fi jinkirin koyon aikin.

Sai gwajin da aka ambata a sama, wanda mujallar Nature ta buga sakamakonsa a 2024. An yi shi a kamfanin nan na Shanghai, wanda yanzu ake kira Trip.com, a kan ma'aikata 1,612 masu digiri, injiniyoyi da 'yan sashen kuɗi da na talla. Rabi aka ba su damar zama gida ranakun Laraba da Juma'a. Bayan shekara biyu ana bibiya, ba a ga bambanci a makin ƙwazo ko ƙarin girma ba, amma ajiye aiki ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, musamman a tsakanin mata da masu doguwar hanya zuwa ofis. Manajojin da suka shiga gwajin suna zaton aiki zai ragu, a ƙarshe ra'ayinsu ya juya.

Idan aka jera waɗannan, ba saɓani sosai a tsakaninsu. Aikin da mutum ya riga ya iya, yake yi shi kaɗai, ake iya ƙirga shi, yana tafiya daidai a gida, wani lokaci ma fiye da ofis. Aikin da ake kan koyo, ko wanda sai an yi ta tuntuɓar juna, yana shan wahala idan ba a haɗuwa ko kaɗan. Tsarin gauraye kuma, a hujjojin da ake da su, bai nuna asara ba.

## Lissafin ma'aikaci

Babbar ribar ma'aikaci ita ce hanya. Wani bincike da ya ƙunshi ƙasashe 27 ya gano cewa a ranar da mutum ya yi aiki a gida yana tsira da minti 72 a matsakaici, waɗanda da a cikin mota ko jirgin ƙasa za su ƙare. Kusan kashi 40 cikin 100 na wannan lokaci aiki yake komawa, sauran ya tafi a hutu da kula da iyali. A lura da wannan: mai kamfani ma yana cin rabonsa daga lokacin da ba shi ya biya ba. Ga kuɗin mota da na mai, da na tufafin fita, da na abincin rana a waje. Shi ya sa a binciken Bloom da abokan aikinsa ma'aikata suka kimanta damar yin kwana biyu ko uku a gida da ƙarin albashi na kusan kashi 8 cikin 100.

Ga wasu mutanen kuwa maganar ta wuce sauƙi, ta kai ga samun aiki ko rasa shi. Mai lalurar ƙafa da hawa motar haya ke zame masa yaƙi kowace safiya, da mai jinyar tsoho a gida, da mai shayarwa, da wanda ke zaune nesa da manyan birane, duk aiki daga gida ya buɗe musu ƙofar da a da take rufe. A Amurka yawan masu buƙata ta musamman da ke da aikin yi ya ƙaru sosai bayan annobar, kuma masana da dama suna danganta wani ɓangare na hakan da wannan sauyi.

Amma kuɗin da ya fita daga aljihun kamfani ba ɓacewa yake yi ba. Wutar lantarki, intanet, kujera, fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, duk suna dawowa kan ma'aikaci idan ba a yi yarjejeniya ba. A ƙasashen da lantarki ba ya tsayawa, lissafin yana iya juyewa gaba ɗaya, domin ofis ne wurin da ake da tabbacin wuta da intanet, mai aiki a gida kuma sai ya tanadi janareto ko sola da kuɗinsa. Girman gida ma yana shiga ciki. Mai ɗaki na musamman da ƙofa da zai rufe, da mai zama ɗaki ɗaya da iyalinsa, ba abu ɗaya suke nufi ba in sun ce gida.

A ɗauki misalin ma'aikaciyar da ke tsakiyar taron bidiyo da ƙarfe goma sha ɗaya. Ta kashe makirufo saboda yaro na buga ƙofa, hannu ɗaya na kan linzamin kwamfuta, ɗayan na yi masa alamar ya jira. Aka ambaci sunanta, ta kunna, ta ba da amsa, ta sake kashewa. Ƙarfe tara na dare, bayan yara sun kwanta, ta buɗe kwamfutar don ƙarasa abin da rana ta hana. A takarda ta tsira da sa'a guda ta hanya. A zahiri ranar aikinta ta miƙe daga safe har dare. Mutanen gida kan ɗauka wanda yake gida yana da sarari, shugaban aiki kuma ya ɗauka wanda kwamfutarsa ke kusa ana iya kiransa kowane lokaci. Fita daga ofis da yamma wata iyaka ce da ake gani da ido, kuma hanyar komawa gida, duk da gajiyarta, tana ba ƙwaƙwalwa damar sauka daga aiki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago suka fitar da rahoton haɗin gwiwa da ya yarda da amfanin aiki daga gida, ya kuma yi gargaɗi kan doguwar sa'a, kaɗaici, ciwon baya da wuya saboda mummunan zama, da yawan zama wuri ɗaya ba motsi.

## Sabon shiga, da abin da ba a rubutawa

A nan hujjar ofis ta fi nauyi, kuma a nan aka fi yi mata riƙon sakainar kashi, saboda abin da ake asara ba ya fitowa a rahoton wata.

Yawancin abin da mutum ke koya a shekarunsa na farko a wurin aiki ba a darasi yake koyonsa ba. Sabon ma'aikaci yana zaune, sai ya ji na kusa da shi yana lallashin kwastoman da ya fusata a waya, ya ji inda ya sassauta murya da inda ya tsaya kai da fata. Ya maƙale a wani lissafi, ya juya ya ce, "Yallaɓai, don Allah dubo min nan," a cikin minti ɗaya an nuna masa. A gida, wannan tambayar sai ta zama saƙo. Kafin ya tura zai yi ta tunanin ko za a ce bai iya aiki ba, in ya tura kuma ya jira sa'a biyu. Sau da yawa sai ya haƙura da tambayar, ya yi abin yadda ya ga dama, kuskuren ya zauna masa. Haka nan sanin wane ne ke iya warware wace matsala, wane ne ake bi ta wajensa, wace magana ce ba a faɗa a taro, duk a baranda da bakin ƙofa ake tsintar su. Zumunta a ƙafa take, ta wurin aiki ma haka.

An auna wannan. Masana tattalin arziki Natalia Emanuel da Emma Harrington da Amanda Pallais sun duba injiniyoyin manhaja a wani babban kamfanin Amurka, suka ga waɗanda ke gini ɗaya da dukkan abokan aikinsu suna samun gyara da shawara a kan aikinsu fiye da waɗanda ke warwatse da kusan kashi 22 cikin 100. Matasa da mata ne suka fi cin moriyar kusancin. Sai dai akwai wanda ya biya: manyan injiniyoyin da ke koyarwa, aikin hannunsu ya ragu. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙwararre ke rantsuwa cewa ya fi aiki a gida, kuma gaskiya yake faɗa. Ya fi aiki ne saboda ba mai katse shi da tambaya, mai tambayar kuwa shi ne wanda zai gaje shi nan da shekara goma.

Kamfanin Microsoft ma ya binciki ma'aikatansa sama da 61,000 a farkon rabin 2020. Aka ga kowa ya ƙara manne wa 'yan sashensa, hulɗa da sauran sassa ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, magana baki da baki ta koma saƙonni. Sabon tunani kuwa sau da yawa daga haɗuwar mutanen da ba aiki ɗaya suke yi ba yake fitowa.

Sai batun ƙarin girma. Shugaba ɗan Adam ne, wanda yake gani kullum shi ke faɗo masa a rai idan dama ta taso. Inda kowa ke haɗuwa a ofis a ƙayyadaddun ranaku, kamar gwajin Trip.com, ba a ga illa ba. Inda wasu ke zuwa kullum wasu kuma ba a ganinsu, haɗarin na nan, kuma tunda mata masu ƙananan yara sun fi zaɓar gida, giɓin na iya sauka a kansu. Wasu kamfanonin ma sun mai da shi doka: a 2024 Dell ya sanar da cewa wanda ya zaɓi zama gida gaba ɗaya ba zai shiga layin ƙarin girma ba.

## Me shugabannin kamfanoni ke nema?

Dalilin da suke faɗa a fili shi ne wanda aka zayyana: koyo, haɗin kai, da ɗabi'ar kamfani. Andy Jassy, shugaban Amazon, ya kafa hujja da shi a sanarwarsa ta Satumban 2024. David Solomon, shugaban bankin Goldman Sachs, tun 2021 ya ce aiki daga gida bai dace da sana'ar da ake koyo a hannun manya ba. Kamfanin Zoom kansa a 2023 ya nemi ma'aikatan da ke kusa da ofisoshinsa su riƙa zuwa kwana biyu a mako. Akwai kuma damuwar tsaron bayanai, domin sirrin kwastoma a kan intanet ɗin gida bai kai na ofis kariya ba.

Masu suka suna ganin akwai dalilan da ba a faɗa. Na ɗaya, kamfanoni sun kama hayar gine-gine na shekaru masu yawa, ba sa son su zauna fayau. Na biyu, manajoji da yawa sun saba auna mutum da ganinsa a kujera, ba su ƙware a auna abin da ya samar ba. Na uku, umarnin dawowa hanya ce ta rage ma'aikata ba tare da biyan kuɗin sallama ba, tunda wasu za su tafi da kansu. Ba a iya tabbatar da niyyar da ke zuciyar mutum, amma ana iya duba sakamako. Wani nazari daga Jami'ar Pittsburgh a kan manyan kamfanonin Amurka da suka ba da irin wannan umarni ya ga gamsuwar ma'aikata ta ragu, ba tare da ribar kamfanonin ta ƙaru ba. Kuma waɗanda suka fi saurin tafiya su ne waɗanda wasu kamfanoni ke zawarci.

A ɗaya gefen akwai kamfanoni irin su Airbnb da Spotify da suka bar ma'aikata su zauna inda suke so. Lissafinsu shi ne rage kuɗin haya, riƙe ƙwararru, da ɗaukar mutum daga ko'ina. Wannan na ƙarshe kaifi biyu gare shi. Aikin da za a iya yi daga gida a wani birni, ana iya ba da shi ga wani a wata ƙasa da albashi ya fi araha. Dama ce ga na can, barazana ce ga na nan.

Tsarin gauraye ma yana da nasa tarko. Idan kowa ya zaɓi ranarsa, mutum zai sha hanya ya iso ofis ya tarar abokan aikinsa suna gida, ya wuni yana taron bidiyo a kujerar ofis. Ya biya kuɗin hanya bai samu haɗuwar ba. A gwajin Trip.com ranakun gida a ƙayyade suke, saboda haka sauran ukun kowa yana nan.

## Inda doka ta shigo

Dokokin da aka yi ba su cika tilasta gida ko ofis ba. Iyaka suke shatawa. Faransa ta fara a Janairun 2017 da dokar da ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna ƙa'idar kashe waya da imel bayan tashi. Fotugal a 2021 ta hana shugaban aiki tuntuɓar ma'aikaci bayan lokacin aiki sai da larura, ta kuma ɗora wa kamfani ƙarin kuɗin wuta da intanet. Sifaniya ta ce wanda ke yin aƙalla kashi 30 cikin 100 na aikinsa daga nesa sai an rubuta yarjejeniya, kamfani ya ɗauki nauyin kayan aiki. Ostareliya ta ba ma'aikata damar ƙin amsa kiran aiki bayan tashi daga Agustan 2024, matuƙar ƙin bai saɓa wa hankali ba. Dokar Birtaniya kuwa damar nema ta bayar. Mai kamfani yana iya ƙi idan ya kawo ɗaya daga cikin dalilan da doka ta lissafa.

Inda ba irin waɗannan dokoki, takardar ɗaukar aiki ce kaɗai madogara. Idan ba a rubuta wurin aiki a cikinta ba, izinin zama gida alfarma ce da za a iya janyewa da saƙo ɗaya, ko da mutum ya riga ya ƙaura da iyalinsa zuwa wani gari bisa wannan izini.

## Waɗanda ba a tambaya

Mafi yawan ma'aikatan duniya ba su da wannan zaɓi. Jonathan Dingel da Brent Neiman na Jami'ar Chicago sun ƙiyasta a 2020 cewa kashi 37 cikin 100 na ayyukan Amurka ne za a iya yi gaba ɗaya daga gida, kuma su ne suka fi albashi mai tsoka. A Suwidin da Birtaniya adadin ya haura 40, a Meziko da Turkiyya bai kai 25 ba, a ƙasashe matalauta ya yi ƙasa da haka nesa. Ma'aikaciyar jinya, direba, magini, mai gadi, mai shara, ba a kai musu aiki ta waya. A cikin kamfani ɗaya ma sai a tarar na sama yana gida, na ƙasa yana bakin ƙofa tun asuba, kuma wannan na haifar da ƙorafin da shugabanni ke ambata idan suna kare umarnin dawowa.

Duk da haka shawarar tana shafar su. Ma'aikacin ofis ɗaya da ya zauna gida, mai sayar da abinci kusa da ofishin ya rasa ciniki, mai motar haya ya rasa fasinja, kamfanin shara ya rage ma'aikata. A Amurka kusan kashi ɗaya cikin biyar na filin ofisoshi ba kowa a ciki a 2024, a San Francisco ya haura kashi 30. Idan darajar gine-gine ta faɗi, harajin da birni ke samu yana raguwa, haka ma kuɗin shigar jiragen ƙasa da bas, waɗanda talakan da dole ya fita ya dogara da su. Cinikin bai mutu ba, ya koma unguwannin da mutane ke kwana, inda kuɗin haya ya tashi saboda masu neman gida mai ƙarin ɗaki. Mai shago a tsakiyar birni ba ya iya ɗaukar shagonsa ya bi su can, mazaunin unguwar da bai taɓa aikin ofis ba kuma shi ma sabon kuɗin hayar zai biya.